A-cika da Kumbon da Ba Ya Shan Mai

Sunan da direbobi suka laƙaba masa ya daɗe da cinye nasa na gaskiya, har matarsa ma in ya ba ta haushi da shi take kiransa: A-cika. Tun ranar da ya fara riƙe kan famfo a gidan man da ke bakin gari, yana saurayi ko gemu bai tsiro ba, bai iya tambayar mutum na nawa zai sha ba. Sai dai ya sunkuya ta taga ya ce, "A cika?" Mai babbar mota ya ji nauyin idon jama'a ya ce a cika ɗin, mai babur kuwa ya ce a ɗiga masa rabin lita a daina yi masa iyayi. A kan wannan tambaya gashinsa ya yi fari. Famfuna sun canja, masu gidan man sun canja, an sake wa rufin fenti ya fi a ƙirga, shi dai yana nan da rigar aikinsa da tsumma a aljihun baya.

Gidan man shi ne na ƙarshe kafin kwalta ta miƙe ta bar gari, don haka duk mai doguwar tafiya sai ya tsaya wurinsa. A-cika ya san nisan kowane gari, amma da lita ya sani. Ka ce masa wuri kaza za ka, ya dubi motarka, ya dubi kayan da ka lafta mata, ya gaya maka inda za ka sake neman mai. Ko ɗaya daga cikin garuruwan nan bai taɓa taka ƙafarsa ba. In mai faci, wanda rumfarsa ke jingine da katangar gidan man, ya tsokane shi da wannan, sai ya ce, "Ni da famfon nan tare aka dasa mu, shi dai an fi yi masa sabis."

'Ya'yansa maza suna nan cikin gari, kowa da sana'arsa. Auta ce ta tafi. Ita ce wadda yake goyawa a bayan keke zuwa makaranta tana jero masa tambayoyi har kansa ya ɗau zafi, me ya sa wata ke bin mutum, me ya sa fetur ke sanyi a hannu. A lokacin yana da amsar komai, domin wadda bai sani ba ƙirƙira yake yi. Da ta yi nisa a karatu ta fara gane ƙirƙirar, shi ma ya gane ta gane, sai ya rage baki. Ta gama karatun injiniya, aka ɗauke ta aiki a wani gari mai nisan da ko A-cika sai da ya yi jim kafin ya faɗi litocinsa.

Duk ranar hutunta takan bugo, kuma don ladabi wayar uban take kira. Shi kuwa tun safe yake tanadin abin da zai ce, amma da ya ji muryarta sai komai ya gudu.

"Ya aiki?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya garin naku?"

"Alhamdu lillahi."

"Madalla. Ki riƙa cin abinci." Sai shiru ya ratsa, yana jin numfashinta tana jin nasa, har ya ce, "To ga mamanki."

Daga nan ya koma bakin ƙofa ya zauna a kujerar roba, yana jiyo uwa da 'ya suna ƙyaƙyata dariya a kan labulen maƙwabta da ciwon gwiwa har cajin wayarsa ya ƙare. Kishi yake ji, kishi na gaske, kuma yana jin kunyar kishin. Mutumin da ke wuni yana hira da baƙi ya kasa haɗa 'yan kalmomi da 'yar cikinsa. Abin da yake tsoro shi ne a wayi gari Auta ta zama wata baƙuwa mai ladabi da ke gaishe shi, kuma ya san in hakan ta faru ba ita ta jawo ba.

Tsohuwar kwamfutarta ta makaranta tana nan a saman kabad. Wata rana matarsa ta ce tana son ganin hotunan ranar da Auta ta gama karatu, ya sauko da ita ya goge, ya jona. Garin neman hoto ya danna wani abu mai zanen roka. Allon ya yi baƙi, aka ɗan yi kiɗa, sai ga wani fili mai toka-toka, ba itace ba gida, sama baƙi ƙirin cike da taurari. A tsakiyar filin wani ɗan mutum ne tsaye cikin fararen kaya da ƙatuwar hular kwano, yana murmushi, ga ɗan kumbonsa a gefe a kan ƙafafu uku. Rubuce-rubucen da ke gefen allon ba su gaya wa A-cika komai ba. Abu ɗaya ya gane, don shi ba ya buƙatar tafinta: ma'aunin mai, allurarsa kwance a ƙasa.

Ranar hutu, bayan "ya aiki" da "ya gari", maimakon ya miƙa wayar sai ya ji bakinsa ya ce, "Wane ne wannan bawan Allah da kika bari a daji ba mai?"

Auta ta ɗauki lokaci kafin ta gane inda ya dosa, da ta gane kuwa ta yi dariya har da tari. Ta ce wasa ne na ƙera kumbo. Kai za ka haɗa shi da hannunka, tanki da injin da kujera da ƙafafu, ka harba shi sama, kuma komai da lissafin gaske yake tafiya, nauyi da gudu da mai. A shekararta ta ƙarshe ta tura ɗan sama jannatin nan wani wata da ke zagaya wata duniya mai nisa, lissafinta ya ƙi, man dawowa ya ƙare, jarrabawa ta ƙarato, ta rufe kwamfutar ta manta da shi.

"Tun lokacin yana tsaye?"

"Tun lokacin."

"Me yake ci?"

"Baba, ba ya cin komai, wasa ne."

"Ko wasa ne ba a barin mutum a hanya ba mai," in ji A-cika. "Ni zan kai masa."

Ran nan da wayar ta isa hannun uwar, ta yi zafi, cajinta saura kaɗan. Matar ta dube shi sama da ƙasa.

Kumbonsa na farko ya ƙera shi yadda duk wanda ya san shi zai zata. Ya ɗora tanki a kan tanki, ya jera wasu a gefe, ya cika kowanne har baki, ya liƙa ɗan injin a ƙasa. Da ya danna, abin ya yi ta ruri yana hayaƙi bai ɗaga ko taƙi ɗaya ba, daga ƙarshe ya karkace a hankali ya kwanta ya kama da wuta. A-cika ya ga ai matsalar a fili take, man bai isa ba. Ya ƙara tankuna.

"Mai ma kaya ne, Baba," in ji Auta a hutun da ya biyo. "Duk litar da ka ƙara, sai ka nemo man da zai ɗauke ta, shi ma wannan ɗin sai an ɗauke shi."

Rayuwarsa kaf yana ɗura wa mutane mai, bai taɓa tunanin cewa man da ke bayan mota shi ma fasinja ne ba. Ya ce da ita, "Kin ga, da kin gaya min wannan tun kina bayan keke, da ban tsufa a jahilci ba."

Haka ranakun hutu suka koma makaranta. Gemu dai ba ya hana ilimi, sai dai yana sa a sha maimaitawa. Ta koya masa yar da tankin da ya ƙare don kumbo ya yi sauƙi, suka yi ta gardama, domin A-cika bai ga dalilin da zai sa a jefar da lafiyayyen tanki ko ɗigo ba ya yi ba. Ta koya masa cewa ba a nufar inda duniyar take, sai inda za ta kasance in ka iso, wannan kuwa nan take ya kama, ya ce ai haka ake tarar motar haya da ba ta tsayawa. Kowane mako ya zo da sabon hatsari da sababbin tambayoyi, ita kuma tana cikin bayanin injin sai ta zarce da labarin shugabanta na wurin aiki da ya raina ta, da famfon ɗakinta da ke yoyo, da yadda wani lokaci takan dawo daga aiki ta rasa wanda za ta ce wa sannu. Shi ma ya ba ta labaran gidan mai da bai taɓa zaton suna da daɗin ji ba. Kumbon dai bai taɓa kai ko rabin hanya ba, kullum mai ke ƙarewa.

Ya koma zuwa da kwamfutar wurin aiki. Da tsakar rana, in motoci suka yi sauƙi, sai ya shige ɗan ofishin da ke bayan famfuna, mai warin baƙin mai da tsohuwar fanka mai kuka, ya ture jarkoki gefe ya buɗe ta a kan tebur. Mai faci ya tsaya a bakin ƙofa da ƙarfen cire taya a hannu, ba don ya taimaka ba, don kada a yi hatsari ba ya nan.

A irin wannan ranar ce abin ya faru, kuma ba basira ta kawo shi ba, mantuwa ce. Ya bar tabaransa a gida. Wajen haɗa kumbo ya ɗauki ɗaya daga ƙafafun sauka, irin masu sifirin da ke miƙewa in an danna, ya liƙa ta a kife, tafinta yana kallon cikin kumbon maimakon ƙasa. Ya harba, ya kai sama, ya fara zagaya duniya, mai ya ƙare kamar yadda ya saba. Yana shirin rufewa yatsansa ya taɓa maɓallin miƙa ƙafafu. Sauran suka miƙe cikin sarari ba abin da suka taɓa. Ita kuwa ta kifen ta miƙe ta tokare gindin tankin da ke gabanta.

Lambar gudu ta fara hawa.

A-cika ya matso da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa allon. Injin a kashe, allura a kwance, lamba tana ta hawa. Ya janye ƙafar, lambar ta tsaya. Ya sake miƙa ta, ta ci gaba.

Ba abin da ya fi gani a duniya kamar motar da mai ya yanke wa. Ya ga an turo su da kafaɗa, ya ga an jawo su da igiya, shi kansa ya tura har bayansa ya san da zamansa. Kuma ko yaro ya san wanda ke zaune cikin mota ba ya tura ta, ko da zai danna kujerar gaba har jijiyar wuyansa ta fito. Ga kumbo yana tura kansa da ƙafarsa yana tafiya.

"Zo ka gani," ya ce da mai faci. "Wasan yana lissafa turin da ƙafar ta yi, amma ya manta a jikin kumbon take. Waɗanda suka tsara shi ba su taɓa zaton za a sami wawan da zai sa ƙafa a kife ba."

"To ga shi Allah ya kawo musu," in ji mai faci. Ya ƙura wa lambar ido. "Kai yanzu a gidan mai, cikin rigar kamfani, ka gano yadda ake tafiya ba mai? Ka rufe abin nan kafin manaja ya shigo. Kuma ni dai na san banza ba ta kai zomo kasuwa."

Ya kamata a ce ya gaya wa Auta. Ya yi niyya ma. Amma a hanyar gida wani tunani ya hau shi, ya ga kansa yana ce mata, kamar ba komai ba, "Af, na manta ban gaya miki ba, bawan Allahn nan ya dawo gida." Ya ji yadda za ta yi shiru. Tun zamanin bayan keke rabon da ya san abin da ba ta sani ba, kuma yunwar hakan ta fi yadda yake zato.

Da ranar hutu ta zo ta ce, "To Baba, wannan makon a ina muka ƙone?"

"Ba mu ƙone ba. Ina nan ina ƙoƙari."

"Ba tambaya?"

"Babu tukuna."

Shirun nan na da ya dawo ya zauna tsakaninsu. Ya miƙa wa uwar waya. Mako na gaba ma haka, da na bayansa. Matarsa ta ce, "A-cika, me yarinyar nan ta yi maka?" Ya ce ba komai, akwai dai abin da yake shiryawa, ya yi wani murmushi na manyan mutane da in ya tuna yanzu sai ya ji kamar ya shige cikin tankin gidan man da ke binne a ƙasa ya ja murfi.

Aikin kuwa ya ci shi. Ƙafa ɗaya tana tafiya da kumbo amma tana karkata shi. Ya sa biyu, kumbon ya kama juyi har shi mai kallo ya ji jiri. Ya sa da yawa a lokaci ɗaya, abin ya ɗau karkarwa, ya tsattsage, guntayensa suka watse kowanne da inda ya nufa. Mai faci, wanda ya rantse ba ruwansa, ya ajiye ƙarfen tayarsa ya ce ai wannan matsalar balansi ce, a jera su daidai kowace tana fuskantar 'yar'uwarta. Aka jera, kumbo ya miƙe sak. Daga nan A-cika ya lura duk abin da ya cire gudun na ƙaruwa. Ya ƙyale manyan tankunan ƙasa da ke kai shi sama, tunda ƙafafun ba sa iya ɗaga shi daga ƙasa, amma na saman ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya yi rigima a kan yar da tanki guda ya koma fizge su kamar yana figar kaza. Ya cire injin, ya cire fitilu, ya cire tsani, ya cire kujera ta biyu. Ƙafafun sauka ma duk ya juya su ciki, don kowace ƙafa ƙarin gudu ce. Abin da ya rage bai fi kujera ɗaya da farantin ƙarfe da tarin ƙafafu ba, da ɗan direba mai murmushi a zaune.

Ranar tafiyar ta faɗo ranar da tankar da ke kawo musu mai ta makara. Famfuna a bushe, an gitta sarƙa a mashiga, ba mai damunsa. Ya harba, ya yar da manyan tankunan, ya daidaita hanci yadda Auta ta koya masa, ya miƙa ƙafafu. Duniya ta ƙanƙance a bayansa ta koma ɗigo. Tafiyar da ya yi watanni yana kasawa ta wuce kafin inuwar rufin ta kai bakin titi. A rabin hanya ya juya kumbon baya ya sake tokarewa don ya rage gudu, domin birki dai babu. Zuciyarsa na bugawa, yana gaya wa kansa cewa tsoho ne mai jikoki kuma wannan wasan yara ne, zuciyar ba ta saurare shi ba.

Filin toka ya taso a ƙarƙashinsa. Sai a lokacin ya tuna ƙafafun sauka duk suna kallon ciki. Ya yi ta miƙawa yana janyewa don ya sauka a hankali, ya kusa samu, amma kumbon ya daki ƙasa da gefe, ya yi tsalle, ya mirgina, ƙafafu suna ɓallewa suna tashi, har ya tsaya a kife. Kujerar ta tsira. Ya fito da direban, ya taka da shi a hankali ya haura wani ɗan tudu, sai ga bawan Allahn nan tsaye inda Auta ta bar shi. Ya kai nasa ya tsayar kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa.

A-cika ya jingina da kujera. Idonsa ya ciko, bai ɓoye ba. Bai taɓa zuwa ko'ina ba, ga shi ya zo.

Mai faci ya bari ya gama share ido, sannan ya ce, "Sannu da hanya. To ina man?"

"Wane mai?"

"Wanda ka kawo masa."

Fanka ta ci gaba da kukanta. A-cika ya dubi kumbon bawan Allah, allura kwance. Ya dubi nasa, wanda ko gwangwanin mai babu a jikinsa, ga ƙafafu a warwatse, ga kujera ɗaya tak. Tankin da ya ware don kaiwa shi ne na farko da ya cire, saboda ya fi sauran nauyi.

"Da mutum ɗaya ne a daji," in ji mai faci. "Yanzu ka kai masa abokin hira." Ya fita yana riƙe da ciki, har ya kai rumfarsa ana jiyo shi.

Bai jira ranar hutu ba. Da ya tashi daga aiki da yamma, ko rigar bai cire ba, ya zauna a bakin gado ya kira ta. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Baba, lafiya? Mama ce?"

Ya ji wannan a ƙirjinsa. Ashe bai taɓa kiranta da kansa ba, har kiransa ya zama alamar mugun labari.

"Kowa lafiya. Ubanki ne ya yi abin kunya."

Ya zayyana mata komai, tun daga tabaran da ya manta har zuwa tambayar mai faci. Ta yi ƙoƙarin riƙe dariyar don girmansa, amma da ya zo kan tankin sai ta kuɓuce mata. "Baba, kai? Kai ka je wa mutum ba mai?"

"Ni. Kada dai ki bari direbobi su ji."

"Kuma ka san dabarar ƙafar nan kowa ya san ta? Masu wasan sun daɗe da ganowa, har gasa suke yi a kanta."

"Kowa?"

"Kusan kowa."

"To madalla," in ji A-cika. "Ashe wawayen da yawa."

Da dariyar ta lafa sai muryarta ta sauka. "Ni kuwa na ɗauka ka gaji ne. Na ce ko surutuna ya yi maka yawa, ina ta kawo maka ƙorafin wurin aiki kai da ka tambayi injin. Makonnin nan da na ji ka ce ba tambaya, sai in ajiye waya in rasa abin da ke mini daɗi."

So yake ya burge ta, bai san yana yanke mata abin da ita ma take jira duk mako ba. Ya ce, "Ban gaji ba, Auta. So na yi in ba ki mamaki."

"Ai ka ba ni."

Ta ja numfashi, ya ji ta jawo kujera, muryar injiniya ta dawo. Ta ce hanya biyu ce. Ko ya sake ƙera mai ƙafafun, wannan karon da kujeru uku da ƙafafun sauka na gaske, kafin ƙarshen mako ya kwaso mutanen biyu, ba ma sai ta sa baki ba. Ko kuma a yi ta gaskiya, da mai. Wannan kuwa sai an fara harba tankuna a haɗa su a sama su zama wurin shan mai a hanya, sai ya koyi haɗa kumbo biyu suna cikin gudu, wanda ita kanta ta sha wuya a kai, kuma da yadda yake ƙona abubuwa ba ta ga za su gama cikin shekarar nan ba.

Kwamfutar tana buɗe a kan gado. Mutanen biyu suna tsaye cikin toka suna murmushi. A-cika ya san sarai inda zai liƙa kujeru ukun, har ya hango yadda zai jera ƙafafun, aikin zama ɗaya ne.

"Ƙafafun nan ba su da tabbas," ya ce. "Mu yi ta gaskiya."

Yarinyar da ta daɗe da iya gane ƙirƙirarsa ba wannan ce za ta wuce ta ba.

"Ni ma na ga kamar ba su da tabbas," in ji Auta. "Ka nemo tabaranka ranar hutu, da sauran aiki."

Bayan sun yi sallama ya shiga wurin da wasan ke ajiye zanen kumbuna, ya nemo mai ƙafafun ya goge shi, don ya san halinsa in ya ƙone sau uku a jere. Sannan ya koma kan mutanen biyu. An ce ba sa cin komai, duk da haka ya ji nauyinsu.

"Ku yi haƙuri, bayin Allah," ya ce musu. "Ina sane da ku. Amma gaskiya ba na sauri."